Kundin da Kwamfuta Take Rubuta wa Kanta: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙu huɗu daga cikin waɗanda suka iso wannan shafi a watan jiya sun taru a kan abu ɗaya, wato kundin da kwamfuta take rubuta wa kanta. Ko mai ita ya sani ko bai sani ba, akwai magatakarda a cikin na'ura wanda ba ya ajiye alƙalami: lokacin da aka kunna ta, wanda ya shiga da sunansa, manhajar da ta tsaya cik, faifan da ya fara gardama, duk yana rubutawa tare da rana da sa'a da daƙiƙa. Na haɗa amsoshin wuri guda saboda kowace tana ƙarasa ƴar'uwarta.

Tambaya daga wani matashi mai kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta a unguwar Ali Ɗan Sofo: "Malam, muna da babbar na'ura mai Ubuntu wadda take riƙe da sunayen ɗalibai da sakamakon jarrabawa. Tun shigowar bazara take mutuwa da kanta tsakanin azahar da la'asar, kuma ba ta da allo mai hotuna, sai baƙin allon rubuta umarni. Shugaban makaranta ya ce wuta ce, ni kuwa zafi nake zargi. Ta yaya zan gano gaskiya?"

Ɗan'uwa, ba sai kun yi ta musu da shugabanka ba, domin mai shaida yana nan cikin na'urar. Tun shekarar 2015 Ubuntu, wanda wani nau'in Linux ne, ya koma amfani da systemd, manhajar da take tayar da ayyukan na'ura tana kula da su, kuma umarnin da ake karanta kundinsa da shi shi ne journalctl. Idan ka rubuta shi tsurarsa zai zubo maka duk abin da aka ajiye tun daga farko, layuka dubu bisa dubu, har ka rasa inda za ka sa ido. Saboda haka ka fara da tambayar na'urar sau nawa aka tashe ta:

`sudo journalctl --list-boots`

Kowane layi tashi ɗaya ne, da lokacin farawa da lokacin rubutu na ƙarshe. Lamba 0 ita ce tashin da kake ciki yanzu, -1 wanda ya gabace shi, -2 wanda ya gabaci wancan. Abin da kake nema yana a wutsiyar tashin da ya mutu, don haka sai ka ce:

`sudo journalctl -b -1 -n 80`

Wannan zai ba ka layuka 80 na ƙarshe kafin mutuwar, kuma harafin q ne yake fitar da kai idan ka gama karantawa. A nan ake rarrabe mutuwa biyu. Na'urar da aka kashe bisa ƙa'ida takan yi sallama: za ka ga tana tsayar da ayyuka ɗaya bayan ɗaya, har ka kai layin da yake cewa Journal stopped. Wadda wuta ta yanke mata hanzari kuwa ba ta samun damar ban kwana, sai ka ga rubutu ya katse a tsakiyar al'amuran yau da kullum, kamar mai magana da aka rufe masa baki. A tashi na gaba kuma kundin yakan ambaci cewa ya tarar da fayil ɗin da ba a rufe shi daidai ba, ya canza masa suna ya buɗe sabo.

Game da zafi, saƙonnin zuciyar tsarin, wadda ake kira kernel, su ne abin dubawa:

`sudo journalctl -k -b -1`

Kana cikin karantawa ka danna alamar / ka rubuta temperature ko thermal. Idan ka ga gargaɗin cewa zafi ya kai matakin haɗari jim kaɗan kafin mutuwar, to hujjarka ta tsaya. Sai dai in faɗa maka gaskiya, rashin ganin wannan layi ba ya wanke zafi gaba ɗaya, domin wani lokaci allon uwa na na'urar, wato babban allon da sauran kayanta suke haɗe a kansa, yakan yanke wuta da kansa don kare ƙwaƙwalwa tun kafin a samu zarafin rubuta komai. A irin wannan hali sai ka haɗa shaidu biyu: ka ajiye takarda kusa da na'urar, duk lokacin da aka ɗauke wuta a rubuta sa'a da minti, bayan mako ɗaya ka gwada da abin da --list-boots ya nuna. Idan na'urar ta mutu da ƙarfe 2:40 alhali fankar ofis tana juyawa, shugabanka zai yarda da kansa. A Maraɗi, inda zafin Afrilu da Mayu yake haura digiri 40 kuma ƙurar hunturu ta riga ta toshe kafofin iska tun watannin baya, ni da kaina ina fara buɗe akwatin in hure shi kafin in zargi wani abu.

Akwai wata hanyar tacewa da nake so ka riƙe, wato matakin tsanani. Kowane saƙo yana da lamba daga 0 zuwa 7, tsarin da aka gada daga syslog, wanda Eric Allman ya ƙirƙira a shekarun 1980. Lamba 0 ita ce halin da na'ura ba ta iya aiki sam, 3 kuskure ne, 4 gargaɗi, 6 labari kawai, 7 kuma bayanin da masu rubuta manhaja suke buƙata. Idan ka rubuta `journalctl -b -1 -p err` za ka ga na mataki 3 da duk waɗanda suka fi shi tsanani, a bar maka sauran surutun. Kana iya taƙaita lokaci ma da `--since "2025-04-14 13:00" --until "2025-04-14 16:00"`, ko ka bi aiki ɗaya tak da `-u`, misali `-u ssh`. Kada jan rubutu ya firgita ka. Lafiyayyar na'ura ma ba ta rasa kurakurai biyu ko uku a kowane tashi. Waɗanda suke tayar mini da hankali su ne I/O error, alamar faifai yana ciwo, da Out of memory, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta cika har tsarin ya kashe wata manhaja don ya numfasa.

Idan kuma --list-boots ya nuna maka layi ɗaya kacal, ma'anarsa kundin yana zaune a /run/log/journal, wurin da yake shafewa da zarar na'ura ta mutu. Ka buɗe /etc/systemd/journald.conf ka sa Storage=persistent, sannan ka sake tayar da systemd-journald, wato manhajar da take rubuta kundin, daga nan zai riƙa ajiya a /var/log/journal. Abin da ya wuce dai ya wuce, amma mutuwa ta gaba za ta bar sawu.

Tambaya daga wani Alhaji mai shagon intanet da buga takardu kusa da Babbar Kasuwa: "Kwamfutar da nake ajiye lissafin ciniki Windows ce. Ina jin ana buɗe ta da dare bayan na tafi gida. Yaran shago uku ne, kowa ya rantse. An ce mini na'ura tana rubuta wanda ya shiga. Haka ne?"

Haka ne, ranka ya daɗe, amma da sharuɗɗa. Windows tana ajiye manyan kundaye uku a C:\Windows\System32\winevt\Logs: System na lamuran na'ura, Application na manhajoji, da Security na shiga da fita. Kowane irin lamari yana da lambarsa, kuma wanda ya haddace lambobi kaɗan ya fi ƙarfin rabin aikin. Shiga da ta yi nasara 4624 ce, wadda aka kuskure kalmar sirri kuma 4625. A buɗe PowerShell, allon rubuta umarni na Windows, da ikon mai gudanarwa, domin kundin Security ba ya buɗuwa ga kowa da kowa, sannan a rubuta:

`Get-WinEvent -FilterHashtable @{LogName='Security'; Id=4624,4625; StartTime=(Get-Date).AddDays(-7)}`

Wannan zai kawo na kwana bakwai da suka wuce. Sai dai ina roƙon Alhaji ya yi hattara a nan, domin na ga inda wannan lamba ta haɗa mutane faɗa a banza. Windows da kanta tana shiga da fita sau da yawa a rana don gudanar da ayyukanta, kuma duk ana rubuta su da 4624. Abin da yake bambanta su shi ne nau'in shigar da aka rubuta a cikin saƙon: nau'i na 2 yawanci mutum ne zaune a gaban allo, na 3 ta hanyar sadarwa ne, kamar wata kwamfutar shagon da ta aiko takarda a buga, na 5 aikin na'ura ne, na 7 buɗe allon da aka kulle, na 10 kuma shiga daga nesa. Wanda ya ga 4624 da ƙarfe uku na dare ya kama yaro da duka, alhali nau'i na 5 ne, ya ɗauki alhaki.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a fara da tambayar ko an ma kunna na'urar. A kundin System, 6005 tana nuna tashi, 6006 kashewa bisa ƙa'ida, 1074 tana faɗin wanda ko abin da ya ba da umarnin kashewa, 41 da 6008 kuma suna nuna ta mutu ba shiri. Wanda ba ya son PowerShell yana iya amfani da tsohon baƙin allo:

`wevtutil qe System /q:"*[System[(EventID=6005)]]" /c:15 /rd:true /f:text`

Ma'anarsa a kawo tashi 15 na baya-bayan nan, sabo a sama, cikin rubutun da mutum zai iya karantawa. Idan Alhaji yana rufe shago bayan isha'i kuma ya ga an tashi na'urar da ƙarfe 11:20 na dare, to alama ce an kunna ta.

Abubuwa biyu ne za su iya ɓata wannan shaida. Na farko agogo: tsofaffin kwamfutocin da ake shigo da su ta Kwatano ko Kano sau da yawa ƙaramin batirin allon uwarsu, mai lamba CR2032, ya riga ya mutu, sai na'ura ta tashi da ranar da ba ita ba, kuma duk abin da ta rubuta ya bi wannan kuskuren. A kuma tuna cewa a cikin fayil ɗin ana ajiye lokaci da agogon duniya ne, wanda Nijar take gabansa da awa ɗaya, don haka idan aka ga lokaci mai harafin Z a ƙarshe sai a ƙara masa awa guda. Na biyu, kuma shi ne ya fi damuna: idan Alhaji da yaran uku duk da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya kuke shiga, kundin zai ce an shiga, amma ba zai ce wane ne ba. Ba ya ganin fuska, suna kawai ya sani. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, saboda haka shawarata ita ce a buɗe wa kowane yaro nasa asusun marar ikon gudanarwa, Alhaji ya riƙe nasa shi kaɗai, sannan a jira mako biyu.

Idan kuwa aka buɗe kundin aka tarar da shi fayau, wannan ma magana ce. Duk wanda ya share Security, layin farko da za a rubuta a sabon shafi shi ne 1102, ɗauke da sunan asusun da ya yi sharar da lokacin da aka yi ta; sharar sauran kundaye kuma tana fitowa da lamba 104 a cikin System. Mai share sawu da tsintsiya yakan bar sawun tsintsiyar.

Tambaya daga wata ɗaliba mai karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo: "Faifan kwamfutata mai Linux ya cika, na duba na ga /var/log ya cinye wajen giga 6. Wani abokin karatu ya ce in share duk abin da ke ciki da rm -rf, umarnin da yake goge komai ba tare da tambaya ba. In yi?"

Malama, kada ki yi. Ba don na'urar za ta fashe ba, sai don dalilai uku da na koya, ɗaya daga ciki da tsada.

Shekarun baya an kira ni wani ofis da faifan uwar garkensu, wato babbar na'urar da kowa yake ajiya a cikinta, ya cika har ma'aikata suka kasa ajiye takarda. Na tarar da fayil ɗaya na kundi ya kumbura fiye da kima, ga mutane tsaye a kaina suna jira, sai na goge shi nan take. Na duba da df, umarnin da yake nuna wurin da ya rage a faifai, wuri bai dawo ba ko kaɗan. Dalili shi ne a Linux, idan wata manhaja tana riƙe da fayil a buɗe, goge sunansa ba ya sakin wurin da ya mamaye. Manhajar tana ci gaba da zuba rubutu cikin fayil ɗin da ido ba ya gani, har sai an tsayar da ita. Umarnin `sudo lsof +L1` ne yake tona irin waɗannan. Wannan kuskure ya gyaru cikin minti biyar. Wanda bai gyaru ba shi ne ban karanta abin da na goge ba. Bayan kwana tara faifan ya mutu ɗungurungum, kuma ina da yaƙinin cewa kukan da yake yi ne ya cika wancan fayil, ni kuwa na toshe masa baki na tafi gida ina ganin na yi aiki. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin akwai takardun mutane da ba su dawo ba.

Saboda haka dalili na farko: kundin da ya kumbura alama ce, kamar zazzaɓi. Kafin ki goge komai ki gano wanda yake yawan magana. Ki fara da `journalctl --disk-usage` don sanin rabon journald, da `sudo du -ah /var/log | sort -rh | head` don ganin fayiloli goma mafi girma. Sannan ki rubuta `journalctl -f` ki zuba ido na minti ɗaya. Wannan yana nuna saƙonni suna shigowa kai tsaye, kuma idan wata manhaja ko katin sadarwa yana maimaita kuskure ɗaya sau ɗari a daƙiƙa, za ki gan shi da idonki. Idan ba ki magance wannan ba, ko kin share yau, jibi faifan zai sake cika.

Dalili na biyu shi ne akwai manyan fayiloli a cikin /var/log da wasu manhajoji suke sa ran samu da takamaiman izini, kuma wasunsu, irin su Apache da Nginx masu gudanar da shafukan intanet, suna iya ƙin tashi idan suka nemi nasu suka rasa. Na uku kuwa, an riga an tanadi hanyar shara mai tsabta:

`sudo journalctl --rotate`

`sudo journalctl --vacuum-time=14d`

Umarni na farko yana rufe fayilolin da ake rubutu a cikinsu yanzu ya buɗe sababbi, na biyu kuma yana zubar da duk abin da ya girmi kwana 14. Jerin yana da muhimmanci, domin vacuum ba ya taɓa fayil ɗin da ake kan amfani da shi, sai waɗanda aka riga aka rufe. Shi ya sa wasu suke kukan sun ba da umarnin amma babu abin da ya ragu. Idan da girma kike so ki auna, `--vacuum-size=500M` zai rage tsofaffin har su koma kimanin mega 500.

Abin da ya fi wannan duka shi ne ki sa iyaka sau ɗaya ki huta. A asali journald yana yarda wa kansa ya ci kashi 10 cikin 100 na faifan, amma ba ya wuce giga 4. A kwamfutar ɗaliba wannan ya yi yawa. Ki sa SystemMaxUse=500M a cikin /etc/systemd/journald.conf, ki ba da `sudo systemctl restart systemd-journald`, daga nan shi da kansa zai riƙa zubar da tsoho yana karɓar sabo. Tunda naki ya kai giga 6, ina kyautata zaton sauran yana cikin fayilolin rubutu irin su syslog da kern.log, waɗanda rsyslog yake rubutawa, logrotate kuma yake juya su. Masu lamba a ƙarshe ko masu ƙarewa da .gz tsofaffi ne, kina iya goge su bayan kin leƙa cikinsu da zless. Wanda ake kan rubutawa kuwa ba a goge shi, ana zazzage cikinsa ne a bar kwanon:

`sudo truncate -s 0 /var/log/syslog`

Duk wannan a kan kwamfutarki ce, wadda kike da iko da ita. Ranar da kika fara aiki a banki ko asibiti ko ofishin gwamnati, kundin ba naki ba ne, amana ce, kuma sau da yawa akwai ƙa'idar tsawon lokacin da za a ajiye shi. A can ba a sharewa sai da izini a rubuce da kwafi a gefe. A Linux kina iya fitar da kwafi da `journalctl --since "2025-01-01" > kwafi.txt`, a Windows kuma `wevtutil cl System /bu:D:\ajiya\system.evtx` yana ajiye kwafi kafin ya share. Ga wanda yake kukan cewa kundin Windows ba ya riƙe tarihi mai nisa, dalilin shi ne iyakarsa ta asali kimanin mega 20 ce, kuma `wevtutil sl System /ms:104857600` zai ɗaga ta zuwa mega 100.

Tambaya ta ƙarshe, daga wani ma'aikacin lissafi a Tibiri: "Na yi kuskure na rubuta kalmar sirrina a gurbin suna lokacin shiga uwar garken ofishinmu. An ce yanzu tana cikin kundi. Zan iya goge wannan layi ɗaya kawai?"

Wanda ya faɗa maka ya yi gaskiya, Malam, domin abin da aka rubuta a gurbin suna yakan shiga kundi a matsayin sunan da ya kasa shiga, kuma duk mai ikon karanta kundin zai gan shi a fili. Amma journalctl ba shi da umarnin cire layi ɗaya, haka ma wevtutil. Da gangan aka gina su haka, ko dai a zubar da tsohon fayil gaba ɗaya ko a bar shi yadda yake. Ko da ka samu gyara fayil ɗin rubutu irin auth.log, saƙon yana iya kasancewa a journald, da fayil ɗin btmp mai ajiye shigar da ta ci tura, da wata na'urar dabam idan ofishinku yana tura kwafin kundi waje, ga shi kuma ka taɓa abin da ba hurumin ka ba ne. Ka canza kalmar sirrin yau ɗin nan, ka canza ta a duk wani wuri da kake amfani da irinta, har da akwatin imel da asusun kuɗi na waya, sannan ka sanar da mai kula da na'urar cewa layin da zai gani da safiyar ranar kaza naka ne.